Yadda ake kama gurbin zango tun da wuri kafin tafiya da motar gida a Amurka

Motar da Amurkawa ke kira RV gida ce a kan taya: akwai gado a cikinta, da murhun gas, da firji, da ɗan banɗaki, da tankin ruwa. Wanda bai taɓa tafiya da ita ba yakan ɗauka cewa tun da ɗakin kwanansa yana tare da shi, duk inda rana ta faɗi masa sai ya tsaya ya kwana. A manyan gandun dajin ƙasa na Amurka doka ba ta yarda da haka ba. Ba a kwana cikin mota a bakin hanya ko a filin ajiye motoci, sai dai a zangon da hukuma ta keɓe, a cikin gurbi mai lamba wanda aka biya kuɗinsa. Guraben nan ƙidayayyu ne, masu nemansu kuwa sun ninka su sau da yawa, har ta kai a wurare irin su gandun Yosemite na jihar Kalifoniya guraben watan Yuli sukan ƙare cikin 'yan mintuna a ranar da aka buɗe su, wata huɗu zuwa biyar kafin lokacin. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a wannan harka goran da ake fafewa shi ne gurbin kwana.

Fara da awon mota, kafin ka duba taswira

Mataki na farko ba ya buƙatar intanet, igiyar awo kawai yake buƙata. Ka auna tsawon motar daga gaba har zuwa abu na ƙarshe da ya turo a bayanta, ko da marikin kekuna ne ko tayar safaya. Idan tirela kake ja, ka riƙe awo biyu, wato tsawon tirelar ita kaɗai da kuma tsawonta haɗe da motar da ke janta, domin wasu zangunan suna tambayar wannan, wasu suna tambayar wancan. Ka auna tsayinta har da na'urar sanyaya ɗaki da ke bisa rufi, sannan faɗinta idan an turo ɓangarorin ɗakin da ke fitowa ta gefe. Duk ka rubuta su da ƙafa, tun da shi ne ma'aunin ƙasar. Ƙafa 30 ta yi daidai da mita tara da 'yan kai. Wanda zai yi haya daga kamfani irin su Cruise America ya nemi waɗannan alƙaluma a rubuce kafin ya kama ko da gurbi ɗaya.

Dalilin dagewa a kan awo shi ne yawancin zangunan gwamnati an shata su ne shekaru da dama da suka wuce, a zamanin da mutane ke zuwa da tanti da ƙaramar tirela. A zangon Mather da ke gefen kudu na Grand Canyon iyakar tsawon mota ƙafa 30 ce. A kwarin Yosemite akwai inda ake karɓar motar gida mai ƙafa 40 da tirela mai ƙafa 35, amma guraben da suka kai wannan girma kaɗan ne ƙwarai. Kowane gurbi yana da nasa awon a rubuce a shafinsa, kuma idan ka rage wa motarka ƙafa uku a takarda domin ka samu wuri, ranar isowa bishiyar da ke bakin gurbin ba za ta matsa maka ba. Hanyar zuwa ma tana da nata ƙa'idar: a gandun Glacier na jihar Montana, motar da ta wuce ƙafa 21 a tsawo ko ƙafa 8 a faɗi ba ta bin tsakiyar shahararriyar hanyar nan ta Going-to-the-Sun. A ganina, ga wanda zai yi haya a karon farko, motar da ba ta wuce ƙafa 25 ba ta fi kowace sauƙin samun wuri, ko da iyali za su ɗan takura a ciki.

Me kake so a jona wa motar?

Zango iri uku ne ta wannan fuska. Akwai mai cikakken haɗi, inda kowane gurbi yake da soket na wutar lantarki da famfon ruwa da ramin da ake jona bututun ruwan dauɗa. Akwai mai wuta kawai, ko wuta da ruwa. Akwai kuma wanda ba shi da komai sai fili da tebur da wurin hura wuta, kuma a gandun dajin ƙasa wannan ne ya fi yawa. A duk faɗin Yosemite babu gurbi ɗaya mai wutar lantarki domin motar gida. A Yellowstone zango ɗaya tak ke da cikakken haɗi, shi ne Fishing Bridge, wanda ba ya karɓar tanti ko tirela mai gefen tamfol saboda dabbar beyar da ke yawo a yankin. A Grand Canyon mai son cikakken haɗi sai ya nufi Trailer Village, inda ake karɓar mota har mai ƙafa 50. A Zion na jihar Utah wasu guraben zangon Watchman suna da wuta.

Wutar kala biyu ce, mai amfiya 30 da mai amfiya 50, kuma bakin fulogin kowacce daban yake. Ka san wacce motarka ke sha, ka kuma ɗauki ɗan mahaɗin da ke juya ɗaya zuwa ɗaya. Inda babu wuta, na'urar sanyaya ɗaki ba ta aiki sai da janareta, shi kuwa janareta yana da awoyinsa da aka ƙayyade, wasu sassan zango ma an hana shi gaba ɗaya. Mai mara lafiya da ke kwana da na'urar numfashi ya ɗauki wannan magana da muhimmanci tun kafin ya zaɓi wuri. Inda babu ramin dauɗa a gurbi, ka duba ko zangon yana da tashar zubar da tanki ta gama-gari, domin iyali mai mutum biyar suna iya cika tankin banɗaki cikin 'yan kwanaki.

A wannan matakin ne kuma ake zaɓa tsakanin gurbin da ake shiga ta gaba a fita ta gaba da wanda sai an yi ribas. Sabon direba ya biya ƙarin kuɗin na farkon idan akwai shi.

San mai zangon, domin kowa da ƙofarsa

Nan ne mutane da yawa ke ɓata lokaci, suna neman wuri a shafin da ba shi ne ke sayar da shi ba. Zangunan gwamnatin tarayya, wato na hukumar gandun dajin ƙasa, da hukumar kula da dazuzzuka, da hukumar kula da filayen gwamnati, da rundunar injiniyoyin soja wadda ke riƙe da zanguna masu yawa a bakin madatsun ruwa, galibinsu ana kama su ne a Recreation.gov. Sai dai akwai waɗanda aka ba kamfanoni kwangilar gudanar da su, kuma waɗannan a shafin kamfanin ake nemansu. Zanguna biyar na Yellowstone, wato Madison da Canyon da Bridge Bay da Grant Village da Fishing Bridge, sun daɗe a hannun kamfanin Yellowstone National Park Lodges. Trailer Village ma ba a Recreation.gov yake ba, alhali maƙwabcinsa Mather yana can.

Jihohi kowacce da nata tsarin. Kalifoniya tana da ReserveCalifornia, jihohi da dama suna amfani da ReserveAmerica, wasu kuma suna da shafinsu na kansu. Sai zangunan 'yan kasuwa, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne KOA, kamfanin da ya faro a garin Billings na Montana a 1962 kuma yanzu yake da rassa sama da 500. Na 'yan kasuwa sun fi tsada, gurabensu sukan yi kusa da juna, amma suna da cikakken haɗi da injin wanki, kuma sun fi sauƙin samu.

Lissafin ranar buɗewa

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin, kuma shi ya sa nake ba da shawarar a gina tafiyar daga zangon da ya fi wuyar samu. Kada ka sayi tikitin jirgi, ka biya hayar mota, sannan ka zo neman kwana uku a Yosemite a ranakun da ka riga ka ɗaure kanka da su. Ka fara kama wurin mai wuya, duk ranakun da aka samu, sannan ka jera sauran tafiyar a gabansa da bayansa.

A Recreation.gov ƙa'idar da ta fi yawa ita ce wata shida cif kafin ranar isowa, kuma kullum ana sakin guraben rana ɗaya da ƙarfe 10 na safe agogon gabashin Amurka, wanda ya yi daidai da ƙarfe 7 na safe agogon gaɓar yamma. Mai son isa ranar 10 ga Yuli zai zauna gaban kwamfuta ranar 10 ga Janairu. Yosemite tana da nata tsarin ga manyan zangunanta irin su Upper Pines: ranar 15 ga wata ake sakin wata guda cur a lokaci ɗaya, har zuwa wata biyar gaba, ta yadda ranar 15 ga Fabrairu ake buɗe ranakun isowa daga 15 ga Yuni zuwa 14 ga Yuli, ranar 15 ga Maris kuma daga 15 ga Yuli zuwa 14 ga Agusta. Zangunan Yellowstone da ke hannun kamfani an saba buɗe su tun kusan wata 13 kafin lokaci. Kalifoniya tana ba da wata shida, da ƙarfe 8 na safe agogonta. Texas tana ba da wata biyar, New York wata tara. Fulorida kuwa tun daga 2024 ta bambanta, mazauna jihar suna da wata 11, baƙi wata 10, kuma wata ɗayan nan ya isa a kwashe guraben bakin teku na lokacin hunturu. Hukumomi sukan sauya waɗannan ƙa'idoji, wani lokaci su jinkirta sakin wani zango saboda gyara, don haka ka karanta shafin zangon da kansa, ka rubuta ranar a kalandar wayarka tare da ƙararrawa.

Ga wanda zai yi wannan aiki daga Kano ko Maraɗi kafin ya tashi zuwa Amurka, akwai wani ɗan tarko a agogo. Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a watan Nuwamba, mu kuwa namu ba ya motsi. Saboda haka ƙarfe 10 na safe a gabashin Amurka ƙarfe 4 na yamma ne a Najeriya da Nijar a watan Janairu da Fabrairu, amma ranar 15 ga Maris ya riga ya koma ƙarfe 3. Wanda ya saba da ƙarfe 4 ya zo a makare da awa guda, a wurin da minti biyu ma makara ce. Mazaunin Kumasi ya ƙara rage awa ɗaya a kan kowanne.

Akwai kuma wani abu da ke ba sababbi mamaki. Ƙa'idar wata shida tana duba ranar isowa ne kawai, ba ranar tashi ba. Wanda ya kama gurbi mai lamba 42 daga 5 ga Yuli na tsawon kwana goma ya riga ya cinye 10 ga Yuli tun ranar 5 ga Janairu, kwana biyar kafin ƙofarka ta buɗe. Idan ranakunka suna da sassauci, ka fara zamanka daga Talata ko Laraba maimakon Juma'a, domin ta haka ƙarshen makon zai shiga cikin naka kafin masu neman Juma'a su farka. Wasu sukan kama kwana goma sha huɗu da niyyar yanke na farkon daga baya. Ban ga kyan wannan ba, domin yana hana wasu wuri a banza, kuma hukumomi sun sa sharuɗɗa da kuɗin canji domin dakile shi.

Lokutan da ya kamata a yi wa shiri na musamman su ne ƙarshen makon ranar tunawa da sojoji a Litinin ta ƙarshe ta watan Mayu, da makon 4 ga Yuli, da ranar ma'aikata a Litinin ta farko ta watan Satumba. A kudancin Fulorida da Arizona da kudancin Texas abin juyawa yake yi, cunkoson yana zuwa ne daga Disamba zuwa Maris, lokacin da tsofaffin da suka yi ritaya ke gudo wa sanyin arewa.

Shirin jajibiri da ranar kanta

Mako guda kafin ranar, ka buɗe asusu a shafin, ka tabbatar da imel ɗinka, ka shigar da bayanan mota. Ka gwada katin bankinka ka ga yana biyan dala a intanet, musamman idan na bankin wata ƙasa ne, domin ba ranar ake gano cewa banki ya sa iyaka ba. Sannan ka zauna da taswirar zangon ka zaɓi gurabe biyar ko shida da suka dace da awonka, ka jera su bisa fifiko a takarda. Yawancin shafukan suna nuna hoton kowane gurbi, suna kuma faɗin ko shimfiɗaɗɗe ne, ko yana da inuwa. Gurbin da ke jikin banɗakin jama'a yana da sauƙi ga mai yara amma ƙofa za ta yi ta bugawa har tsakar dare. Ka duba iyakar mutane ma: a zangunan tarayya da yawa, har da na Yosemite, mutum shida ne a gurbi ɗaya, yara na cikin lissafi, don haka babban iyali zai buƙaci gurabe biyu, kuma ya fi kyau mutum biyu su nema, kowa da asusunsa.

A ranar, ka shiga asusunka da saura kwata. Ka buɗe shafin gurbin da ka fi so, ka sa ranar isowa da ta tashi, ka ajiye agogon waya mai nuna daƙiƙa a gefen kwamfuta. Da ya buga daidai, ka danna maɓallin sakawa a kwando sau ɗaya. Idan ya ce wani ya riga ka, kada ka tsaya jimami ko sake gwada shi, ka wuce na biyu a takardarka nan take. Da zarar gurbi ya shiga kwando, Recreation.gov yana riƙe maka shi na minti 15, wanda ya isa ka cike bayanai a natse, ka sake duba ranakun, ka biya. Wannan minti 15 yana da wani amfanin ga wanda ya rasa: wasu katinsu yakan ƙi, wasu su fasa, sai guraben su dawo kasuwa da ƙarfe goma da kwata ko jim kaɗan bayan haka. Kada ka rufe kwamfuta kafin lokacin.

Bayan an biya, ka buga takardar shaida ko ka ɗauki hotonta a waya, domin a cikin Yellowstone da Glacier akwai wurare da yawa da babu sabis. Ka lura kuma cewa kuɗin gurbi daban, kuɗin shiga gandun daji daban. Katin shekara na America the Beautiful yana biyan kuɗin shiga ne kawai, ba ya biyan na kwana, kuma daga Janairun 2026 farashinsa dala 80 ne ga mazauna Amurka, dala 250 ga baƙi. 'Yan ƙasa da masu izinin zama na dindindin da suka kai shekara 62 suna da katin tsofaffi wanda ke rage musu rabin kuɗin gurbi a zangunan tarayya da dama, kuma ana shigar da lambarsa ne a lokacin biya.

Cike giɓin da ke tsakani

Da an samu manyan wuraren, sauran kwanakin hanya ba su da wuya. Motar gida ba ta gudu kamar ƙaramar mota, kuma awa biyar a taswira takan zama bakwai. Tsofaffin hannu suna da ƙa'idar uku-uku: kada a wuce mil 300 a rana, a isa kafin ƙarfe 3 na yamma, a kwana uku kafin a tashi. Ba dole ba ne a bi ta sau da ƙafa, amma isa da rana tsaka tana da hujja, domin yin ribas da tirela cikin duhu tsakanin bishiyoyi, matarka tana haska maka da fitilar waya, maƙwabta suna leƙe ta taga, ba abin da za ka so ka maimaita ba ne. Bayan kowane kwana uku ko huɗu a zango maras haɗi, ka sa dare ɗaya a mai cikakken haɗi domin wanki da cajin batir da zubar da tanki.

Idan an rasa

Rashin samu a ranar farko ba ƙarshen magana ba ne, domin wanda ya kama wuri wata shida gaba sau da yawa shirinsa yakan sauya. Recreation.gov yana da tsarin sanarwa da ke aiko da saƙo idan wani ya saki gurbi a zangon da ka zaɓa, akwai kuma manhajoji irin su Campnab masu yin wannan aiki da kuɗi. Sakin ya fi yawa a mako biyu na ƙarshe kafin ranar, lokacin da mutane ke gudun tarar makara. Saƙon yana zuwa wa mutane da yawa a lokaci ɗaya, don haka asusunka ya kasance a buɗe a waya. Wasu zangunan kuma da gangan suke riƙe wani kaso na gurabensu su sake shi mako biyu ko 'yan kwanaki kafin lokaci.

Hanya ta biyu ita ce a kwana a wajen gandun. Manyan gandaye da yawa suna maƙwabtaka da dajin hukumar kula da dazuzzuka mai zangunansa, da garuruwan bakin ƙofa irin su West Yellowstone da Springdale na bakin Zion. Ka kama ɗaya daga cikinsu mai sauƙin sharaɗin fasawa a matsayin madogara, ka ci gaba da farautar na ciki. Akwai zangunan da ba a kama su tun gaba, wanda ya riga zuwa shi ke samu, kuma a lokacin zafi sai an isa da sassafe a ranar aiki. A filayen gwamnati na yammacin ƙasar an yarda a ya da zango kyauta a wurare da yawa, galibi har kwana 14, amma babu ruwa babu banɗaki, kuma hanyoyin na ƙasa ne waɗanda wasu kamfanonin haya suka hana bi da motarsu. Kwana a filin ajiye motoci na manyan kantunan Walmart, wanda ake yawan ambata, ya dogara ne ga manajan kantin da dokar garin, sai an shiga an tambaya.

Fasawa da makara

Ka karanta sharuɗɗan fasawa kafin ka biya, domin kowane mai zango da nasa. A Recreation.gov wanda ya fasa da wuri ana cire masa dala 10 a mayar masa da sauran. Wanda ya bari sai jajibiri ko ranar isowa yana asarar dala 10 da kuɗin daren farko. Wanda bai zo ba kuma bai yi magana ba, ana riƙe masa gurbin har zuwa lokacin tashi na washegari, daga nan a soke shi, a cire dala 20 da kuɗin daren farko. Saboda haka idan taya ta fashe ko dusar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse har za ka makara da kwana ɗaya, ka kira lambar zangon da ke jikin takardar shaidarka tun kana inda akwai sabis, ka faɗi lambar gurbinka da ranar da kake sa ran isa.